Zaren Kamun Kifi da Ba Ya Ruɓewa a Gulbin Kebbi

Duk wanda ya saba bin bakin gulbi a ƙasar Kabi, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, ko kuma can wajen Yawuri inda kogin Kwara ya buɗe ya zama tafkin Kainji tun bayan kammala madatsar ruwa a 1968, ya san abin da gaɓa take bayyanawa idan ruwa ya janye bayan damina. A jikin saiwoyi da kututtura za ka ga dunƙulallen zare fari mai sheƙi, guntayen raga da suka cuɗe da laka, da tsinkakken mamari, wato doguwar igiya mai jeren ƙugiyoyi, wanda ƙugiyoyinsa suka yi tsatsa amma zarensa yana nan da ƙarfinsa. Mun saba ganinsa har mun daina ɗaukarsa a matsayin ɓarna, alhali kuwa ɓarna ce mai cin dukiyar masunta da kansu.

Kakanninmu Sarkawa da Kabawa suna saƙa kayan kamun kifi da auduga da rama da sauran tsirrai. Idan koma ta yage ko igiya ta tsinke a cikin ruwa, ba a jimawa sai ta ruɓe ta koma ƙasa, don haka wanda ya yar da ita bai cuci kowa ba. Zaren nailan kuwa, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1935, ruwa ba ya saurin cin sa, kuma ƙiyasin da masana suke yawan ambatawa shi ne siririn zaren fatsa yana iya kaiwa shekara 600 kafin ya narke. Kayan aiki sun canja, ɗabi'ar yarwa ba ta canja ba, kuma a ganina nan ne tushen matsalar.

Ragar da ta maƙale a kututture a ƙarƙashin ruwa ba ta daina aiki don mai ita ya haƙura ya tafi gida. Karfasa ta shiga ta mutu, warinta ya jawo tarwaɗa, ita ma ta sarƙe, kififfiya ta biyo baya ta kasa fitowa shan iska. Haka za ta ci gaba da kamu wata da watanni, kifin bai shiga tukunyar kowa ba, bai je kasuwa ba, kuma bai samu ya yi ƙwai ba. Mamari ma ya fi muni, domin igiya ɗaya tana iya ɗauke da ƙugiya ɗaruruwa. Na taɓa ganin zalɓe a fadama da zare ya naɗe masa ƙafa har ya nutse cikin tsoka, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, yana dogara ɗayar yana ƙoƙarin tashi, zaren kuma yana ɗaure da reshen da ya ja shi baya. Shanun makiyaya da suke sauka shan ruwa, da yaran da suke wanka ba takalmi, su ma suna taka waɗannan ƙugiyoyi, sannan masu jirgin inji sun san wahalar zaren da ya naɗe farfela a tsakiyar kogi.

Akwai kuma dalmar da ake ɗaura wa raga da birgi, wato ragar jifa, don su nutse. Tsuntsayen ruwa suna haɗiye ƙanananta tare da tsakuwa, gubarta ta kashe su a hankali, abin da ya sa Ingila ta hana amfani da ƙananan dalmar fatsa a 1987. Shi kansa zaren, idan rana ta daɗe tana dukansa, yakan farfashe ya zama ɓurɓushin roba da kifi ke haɗiyewa.

Wani rahoto da hukumomin abinci da na muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2009 ya sa ake yawan ƙiyasta cewa kayan kamun kifi da ake yarwa ko suke ɓacewa a tekuna sun kai tan 640,000 a shekara. Lissafin teku ne, amma ruwan Gulbin Kebbi a Kwara yake zuba, Kwara kuma a teku.

Ban yarda da masu ɗora laifin duka a kan masunci ba. Babu mai son asarar ragar da ya saya da guminsa, kuma sau da yawa ambaliya ce take kwashe ta cikin dare. Abin da nake magana a kai shi ne wanda ake yankewa da gangan a jefar, da tsummokaran da ake bari a gaɓa bayan an gama ɗinki.

Muna da abin da wasu wurare ba su da shi, wato sarautun ruwa da har yanzu ake jin maganarsu. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, ya dogara ne a kan dokar hana kamun kifi a Matan Fada, wato yankin gulbin da ake yin bikin, har ranar biki, kuma Sarkin Ruwa da mutanensa ne suke tsare ta. Wanda ya iya hana dubban masunta taɓa wani yanki na gulbi zai iya cewa kada a bar zare a mashigi. A ajiye buhu ko tsohuwar ganga a kowace tashar jirage, a sa rana ɗaya da rani, lokacin da ruwa ya yi ƙasa, matasa su bi kututtura su ciro abin da ya maƙale. Dalmar da aka ciro za ta koma jikin sabuwar raga, igiya mai kauri za ta yi ɗaurin kaya ko shingen lambu, sauran kuma ƙaramar hukuma ta kwashe zuwa juji nesa da ruwa, kada a cinna masa wuta a bakin gulbi inda mata suke ƙyafe kifi.