Hakeem Olajuwon, Daga Legas Zuwa Houston

Hakeem Olajuwon, wanda aka haifa a Legas a 1963, bai fara ƙwallon kwando ba sai da ya kai shekara 15. Kafin nan mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa. A ganina, can ya samo zafin naman da ya bambanta shi da sauran dogayen 'yan wasa, domin idan ya juya wa kwando baya, sai ya karkata kafaɗa kamar zai bi dama, ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa, mai tsaronsa ya yi tsalle a banza, shi kuwa ya sulale ta hagu.

A 1984 ƙungiyar Houston Rockets ta zaɓe shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wata ƙungiya kuwa ta ɗauki Michael Jordan na uku, kuma har yau ba a cika ganin laifin Houston ba. Ya ci mata kofin NBA a 1994 da 1995, sannan babu wanda ya kama ƙafarsa a kundin gasar wajen tare ƙwallon da aka jefa kwando, inda ya tare 3,830.

Azuminsa ne ya fi burge ni. Yakan shiga fili da azumi a bakinsa, amma duk da haka shi aka zaɓa gwarzon watan Fabrairun 1995, watan da ya dace da Ramadan. Ya yi ritaya a 2002, bayan kaka ɗaya a Toronto Raptors.