Idan Wani Naka Ya Kamu da Ciwon Damuwa

Abin da ya fi ɓata mana lokaci a rashin lafiyar ƙanena shi ne bakina. Ni ne babba a ɗakinmu, na saba in yi magana a ji. Da yaron nan, tela mai hannu, ya fara ƙin fita shago, ga ɗinkin sallar mutane jibge, masu kaya suna sintiri har gida, sai na ɗauka lalaci ne. Na yi faɗa, na yi nasiha. "Me ka rasa? Ka dubi na ƙasa da kai mana." Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya." Washegari yana nan kwance a katifa, fuska ga bango.

Ku da kuke tasowa, kada ku bi wannan hanya. Mai ciwon damuwa ya riga ku zagin kansa, don cutar ce take sa shi ganin ba shi da amfani, ya zame wa kowa kaya. Mafi muni cikin abin da na faɗa masa shi ne wai rashin tawakkali ne yake damunsa. Yaron da jam'i ba ya wuce shi sai ya koma tunanin ko Allah ma fushi yake yi da shi. Alhali ba mai ce wa mai ciwon sukari imaninsa ne ya yi rauni.

Alamomin suna gabanmu, ba mu san su ba ne. Yakan farka tsakar dare barci ya gagare shi, a kawo tuwo ya ɗan taɓa ya ture, ya rame, kallon ƙwallon da yake mutuwar so ya fita daga ransa. Likitoci suna cewa idan baƙin ciki da fitar sha'awar komai suka zauna wa mutum kusan kullum har mako biyu ko fiye, to a nemi asibiti. Sai dai mutanenmu ba kasafai suke cewa "ina cikin baƙin ciki" ba. Za ka ji kaina yana zafi, ƙirjina ya yi nauyi, jikina ba ƙarfi. Shi ya sa muka yi ta zarya kemis, yau maganin taifot, gobe na maleriya. Daga nan gwaggonninmu suka ce sammu ne, aka shiga ruƙiyya da rubutu. Ban hana kowa addu'a ba, mu ma ba mu daina ba, amma a haɗa ta da ganin likita tun da wuri.

Abin da ya hana mu zuwa, in faɗi gaskiya, tsoron bakin unguwa ne: a ce an kai ɗan gidan wane asibitin mahaukata, ƙannenmu mata su rasa manema. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. Yawancin masu wannan ciwo ba kwantar da su ake yi ba. Da muka kai ƙanena daga ƙarshe, likita ya zauna da shi, ya yi masa tambayoyi a natse, ya rubuta magani, muka dawo gida a ranar.

A kan maganin na sake yin wauta. Magunguna irin su amitriptyline da fluoxetine ba sa aiki nan take, sai an yi makonni kafin a ga canji, kuma da farko suna iya kawo bushewar baki, ko yawan barci, ko tashin zuciya. Da ya samu sauƙi ya koma kan kekensa, ni da kaina na ce ya bar ƙwayoyin nan kada su zame masa jiki. Ciwon ya dawo, har ya fi na farko. Ashe ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an warware, kuma likita ne yake rage shi a hankali.

Akwai tambayar da na daɗe ina gudu. Yakan ce, "Ni da ma na huta." Sai in ce ya daina saɓo, in kawo wata hira. Kada ku yi haka. Ku zauna ku tambaye shi kai tsaye, ba tare da zare ido ba: kana tunanin kashe kanka ne? Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Idan ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da duk wata guba daga gidan, maganinsa ya koma hannun wani babba, a kai shi asibiti a ranar.

Sauran aikin ƙanana ne, amma kullum ne. Maimakon "ka tashi ka nemi na kanka", sai in ce ya raka ni sayen burodi bakin titi. Wata rana ya bi ni, wata rana ya ƙi, in bar shi. Ku kuma raba jinyar tsakaninku. Lokacin da na ɗauke ta ni kaɗai, na wayi gari ina yi wa matata da 'ya'yana tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Daga baya muka tsara: Inna ta riƙe magani da abinci, wani ƙanenmu yana kwana ɗakinsa, ni kuma ranar asibiti da kuɗin mota.