Simintin da na shafa wa bangon da ya girme ni

Makon jiya na tsaya ina kallon wani yaro da ya gama karatun zanen gine-gine bara, an ba shi duba wani tsohon ginin ƙasa. Zagaye ɗaya ya yi, waya a sama yana ɗaukar hoto, ko taɓa bangon bai yi ba. Sai na ji yana ce wa leburori a kankare yaɓen a sa siminti, "a huta da gyaran kowace shekara." Gabana ya faɗi. Maganata ce wannan, har ɗaga hannun da ya yi irin nawa ne.

Ina ɗan shekara 29 lokacin, takarda sabuwa fil, kai ya kumbura. Aka damƙa mini wani gini mai ƙubba da ya girmi kakana. Dattijon maginin da ya gaji kula da shi ya jawo ni gefe ya ce, "Yallaɓai, bango numfashi yake yi, kada ka toshe masa hanci." Na yi murmushin raini. Ina ni ina ɗaukar darasi daga wanda bai taɓa riƙe rula ba?

To, ba ni kaɗai ke da laifi ba. Haka aka koyar da mu, siminti shi ne ci gaba, ƙasa kuwa ta talaka ce. Masu ginin ma sheƙi suke so, kuma an matsa a gama kafin ruwa ya sauka. Amma dai ni na sa hannu a takardar.

Damina uku ginin yana ɗaukar ido. A ta huɗu na ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa, ya amsa mini kamar ganga. Danshin da ke hawowa daga tushe, da can ta yaɓen laka yake fita ya bi iska. Siminti ya tare shi, ƙasar ciki ta koma taɓo. Ranar da yaɓen ya ɓamɓaro, faifai guda ya faɗo, ya tafi da adon da ke saman ƙofa. Ban auna adon ba, ban zana shi ba. Yanzu ko a kaina ba na iya haɗa siffarsa daidai, kuma wannan ya fi rushewar ci mini rai.

Na daɗe ina lallashin kaina da labarin Nikolaos Balanos, injiniyan da ya yi gyaran Fartenon, tsohon haikalin da ke kan tudun Akrofolis a Girka, daga 1898 zuwa 1933. Ya ɗaure duwatsun Fartenon da ƙarfe, ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura ya tsattsage su. Maginan farko, tun shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa, sai sun lulluɓe ƙarfensu da dalma. Tun 1975 ake ta warware aikin Balanos, ana sa titaniyam, ƙarfen da ba ya tsatsa. Nakan ce in babba ya yi, wane ni? Sai dai dalmar tana gaban idonsa, ni ma dattijon yana gabana.

Na yi niyyar jera wa yaron nan shawara goma, biyu suka fito. Ka auna, ka zana da hannunka kafin ka taɓa komai, don abin da hannu ya zana ido ba ya tsallake shi. Hoto dubu a waya ba awo ba ne, ku da ba ku iya zaman awa guda gaban bango sai kun latsa wani abu. Ta biyu, in ba ka gane ba, ka bar shi. Yarjejeniyar Benis ta 1964 kan gyaran tsoffin gine-gine ma cewa ta yi gyara ya tsaya inda kintace ya fara.

Amma kuma kada ka bar shi. Masallacin Djenne a Mali, wanda aka gina a 1907, yana tsaye ne saboda kowace shekara ana sake yaɓa shi da laka, itatuwan da suka leƙo daga jikinsa ma matakan masu yaɓe ne. Ginin da aka ƙi taɓawa ruwa ne ke cinye shi. Yadda za ka haɗa biyun nan, kai ka sani, ni ma shekara 40 ina fama.

Yaron ya ce, "To Baba, na ji," idonsa na kan wayar. Na miƙa masa tef ɗin awona, ya karɓa da hannu ɗaya. Buhunan simintin an riga an sauke su, suna jingine da bangon, an rufa musu leda.