Ni na ceto waƙoƙin daga kaset, wani ya yi musu rajista da sunansa

Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, shi ya sa na ce bari dai in rubuta ko na huce.

Bayan rasuwar Baba muna gyara ɗakinsa muka ci karo da wata tsohuwar adaka cike da kaset. Yawanci su Shata ne da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos, su kam duk mai turin da ka je wajensa a bakin kasuwa zai cika maka memori da su. Amma can ƙasa akwai guda 14 na wani mai kukuma ɗan garinmu, shi ke tsara waƙarsa shi ke goga abarsa, ya rasu tun ina sakandare. Na duba YouTube babu, Audiomack babu, na je wajen masu tsofaffin kaset a Kano wani dattijo ya ce min rabonsa da ganin kaset ɗin mutumin tun kafin sidi ya shigo. Wato in waɗannan 14 ɗin suka lalace, shikenan muryar ta tafi.

Maganar juyewa cikin kwamfuta ba sai na ja ba, wata biyu na yi ina fama. Rediyo ya tauna min guda ɗaya, na naɗe da biro na liƙe da salatif, wajen liƙin ya bar wani ɗan tsalle a tsakiyar waƙar. Ku riƙe wannan tsallen, zan dawo kansa.

Kafin in ɗora su a YouTube na je gaida uwargidan marigayi mai kukumar. Na kunna mata a waya, ta yi shiru ta share hawaye ta ce "Ɗan nan je ka saka, ai sunansa kake rayawa, Allah ya yi maka albarka." Ni kuma gogan naku na ɗauki wannan addu'ar a matsayin lasisi. Ba takarda, ba shaida, ko muryarta ban naɗa ba. Na ɗora kaset biyar, mutanen garinmu da ke Legas da Kwatano suna ta kira, kaina ya yi girma, sai wani a guruf ɗin WhatsApp ya ce don Allah a turo masa "orijina" ɗin don mahaifinsa ba ya iya shiga YouTube, ni kuma na kwashe fayil ɗin tas masu tsabta na tura cikin guruf mai mutum sama da ɗari biyu. A nan na yanka kaina.

Bayan kamar wata huɗu sai ga saƙo wai waƙoƙin da ke tashata mallakar wani ne. Ashe wani ya ɗauki fayil ɗin ya bi ta kamfanonin nan masu rarraba waƙa zuwa su Spotify da Boomplay, ya yi musu rajista, ya sa su cikin Content ID na YouTube. Shi kuwa wannan na'ura ce, sauti take gwadawa da sauti, in naka ya yi daidai da wanda aka ajiye mata sai ta ce na wancan ne, kuɗin talla ya koma can. Na je na saurari nasa, ga tsallen salatif ɗina nan a wajen da na liƙe. Salatif ɗin da na siya da kuɗina fa!

Cikin fushi na danna ƙorafi na ce nawa ne. Ya ƙi, na ɗaukaka, shi kuma ya nemi a sauke bidiyon, na samu gargaɗi ɗaya. Gargaɗin kwana 90 yake yi kafin ya goge, in suka kai uku an rufe tashar gaba ɗaya. Nan jikina ya yi sanyi na nemi wani abokina lauya, shi ne ya zaunar da ni ya ce, "Malam, kaset ɗin ne naka, waƙar ba taka ba ce. Shi ɓarawo ne, amma kai ma me kake riƙe da shi?" Tsallen nan abin da zai nuna kawai ni na juye, ba zai nuna an ba ni izini ba.

Shi ya fahimtar da ni cewa haƙƙi biyu ne a kaset ɗaya. Akwai na waƙar kanta, baitoci da karin, a dokar haƙƙin mallaka ta 2022 wadda aka sa wa hannu a 2023 yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Shata da ya rasu a 1999, lissafa ka gani, sai ƙarshen 2069. Sai kuma na naɗin sautin, shi shekara 50 ne daga fitowarsa. Don an daina buga kaset, ko kamfanin ya mutu, ba shi ne haƙƙin ya mutu ba, ni da can na ɗauka duk abin da ya ɓace a kasuwa ya zama na Allah da Annabi. Ɗan kasuwar da ya buga kaset ɗin namu shi ma ya rasu, kuma irin cinikin da ne, a ba mawaƙi kuɗi a hannu a tafa, babu wanda ya rubuta komai.

Abin da ya fi ba ni kunya, haƙƙin waƙa gado ne kamar gona. Mamacin ya bar mata biyu da 'ya'ya 11. Hajiyar da na dogara da bakinta ko tumunin ma raba shi za su yi da abokiyar zamanta, ta yaya za ta ba da izinin kowa? Da na fara da babban ɗan tun farko na ce Yaya a tara 'yan'uwa a yi takarda, da sati biyu ya isa. Yanzu da suka ji ana maganar kuɗi sai abu ya zama wata biyar, wani ma cewa ya yi ni na sayar da ubansu a intanet, ni da ko kuɗin data ban mayar ba.

An dai yi takardar a ƙarshe, mai unguwa ya yi shaida, aka je kotu aka yi rantsuwa, na haɗa da hotunan kaset ɗin gaba da baya muka aika wa kamfanin rarrabawar da sunan magada, ba da sunana ba. Suka sauke nasa. Abin da ya riga ya ci kam ya ci.

Mutum goma sun sa hannu a cikin 'ya'yan, saura ɗaya da ke Agadas, kullum sai ya ce sai ya zo gida da sallah a zauna. Ragowar kaset tara na nan a kwamfuta, kuma ko ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya ya ce in tura masa a WhatsApp cewa nake ya zo gida ya saurara.