Bizar karatu a Amurka: abin da na koya da azuzuwa suka koma intanet

Ina karatun digiri na biyu a Amurka da bizar ɗalibai ta F-1 lokacin da korona ta rufe jami'o'i a watan Maris na 2020. Abin da na fara ganewa shi ne, tambarin bizar da ke cikin fasfo aikinsa a wajen shigowa ne kawai. Abin da ke halatta zamanka shi ne sunanka a SEVIS, rumbun bayanan ɗaliban ƙetare na gwamnati, da takardar I-20 da makaranta ta ba ka. Jami'in ofishin ɗaliban ƙetare, wanda ake kira DSO, shi ke tabbatar wa gwamnati kowane zango cewa kana cikakken karatu. Ranar da ya rufe sunanka, bizar da ta rage shekara biyu ba za ta yi maka komai ba.

Dokar asali ta daɗe kafin annoba. Mai digiri na farko dole ya ɗauki aƙalla kiredit 12 (ma'aunin nauyin kwasa-kwasai) a zango, kuma a cikinsu kwas ɗaya kawai na intanet, ko kiredit 3, ake ƙirga masa. Nan mutane ke faɗawa rami. Ka ɗauki kwas huɗu masu kiredit uku-uku, biyu a aji biyu a intanet: a idon makaranta kana da 12, a idon hukumar shige da fice 9 gare ka, ka karya sharaɗi ke nan. Amma idan kana da 9 a aji, ka ƙara 6 na intanet a kai, babu laifi. Mu na digiri na biyu makaranta ce ke yanke adadin, galibi 9. Masu koyon Turanci zalla kuwa ko kwas ɗaya na intanet ba a ƙirga musu.

A Maris 2020 hukumar shige da fice ta ICE ta sassauta, ta ce a ci gaba da karatu ta intanet, a Amurka ko a gida, sunan ɗalibi na nan a raye a SEVIS. Sai ranar 6 ga Yuli ta juya: duk wanda makarantarsa za ta yi zangon kaka a intanet zalla, ya bar ƙasar ko ya koma wata makaranta. Jami'ar Harvard da MIT suka shigar da ƙara a kotun tarayya ta Boston ranar 8, ranar 14 mai shari'a Allison Burroughs ta sanar cewa gwamnati ta janye umarnin. Har yau ina ganin umarnin a matsayin zalunci, domin jirage sun yi ƙaranci, ofisoshin biza sun dakatar da ayyukan yau da kullum, wanda ya fita bai san ranar dawowa ba. Janyewar ba ta shafi kowa da kowa ba: ranar 24 ga Yuli aka fayyace cewa sabon ɗalibi, wanda ba ya cikin rajista ranar 9 ga Maris, ba zai shigo don karatun intanet zalla ba.

Abin da na yi, kuma nake ba kowa shawara, shi ne duba yadda ofishin rajista ya rubuta kowane kwas. Ba abin da malami ya faɗa a aji ake dubawa ba. Malami zai iya cewa za mu riƙa haɗuwa lokaci-lokaci, alhali a kundin rajista kwas ɗin na intanet ne zalla. Na tura wa DSO jerin kwasa-kwasaina ta imel kafin a rufe rajista, na nemi amsa a rubuce, na ajiye ta. Haka ma idan za ka ajiye kwas saboda rashin lafiya, sai DSO ya amince ya shigar a SEVIS tukuna. Wanda ya ajiye kafin izini, gyaransa sai da takardar neman maido da matsayin ɗalibi ta I-539, kuɗi da jiran watanni, kuma ana iya ƙi.

Ga mai komawa gida ya yi karatu daga Kano ko Yamai, akwai dokar wata biyar. A ƙa'ida, wanda ya yi fiye da wata biyar a waje ba tare da karatun da aka amince da shi ba, sai ya karɓi sabuwar I-20, ya sake biyan kuɗin SEVIS dala 350. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne lissafin shekara guda ta karatu da ake buƙata kafin izinin aikin samun horo na ɗalibai (CPT ko OPT) yana komawa farko. Kafin tafiya ka duba sa hannun tafiya a shafi na biyu na I-20, shekara ɗaya yake yi. Ka kuma lissafa agogo: ajin ƙarfe bakwai na yamma a Boston, sha biyun dare ne a Najeriya lokacin zafinsu, ƙarfe ɗaya lokacin sanyi.

Sassaucin ya ƙare ranar 11 ga Mayu 2023, kuma daga zangon kaka na shekarar aka koma dokar kwas ɗaya. Mai zangon ƙarshe da kwas ɗaya ya rage masa ya tabbata na cikin aji ne, domin na intanet zalla ba zai riƙe masa zama a ƙasar ba.