Tsohon jirgi da sabon allo a gabansa

Jiragen nan masu ƙusumbi, Boeing 747 da Kabo Air ya yi ta kwasar alhazai da su daga Kano, mutum uku ne ke zama a ɗakin tuƙinsu ba biyu ba. Kyaftin, mataimakinsa, sai injiniya a bayansu ya juya gefe yana fuskantar wani bango cike da agogo-agogo da maɓallai, shi ke lura da mai da lantarki da iskar cikin jirgi. Da 747-400 ya fara aiki a 1989 kwamfuta ta cinye kujerar bawan Allahn nan, shi ke nan.

To amma abun da ya fi ba ni sha'awa shi ne kamfanonin da suka ce su fa ba za su yar da tsohon jirginsu ba, gangar jikin nan da sauranta, ƙwaƙwalwar ce ta tsufa. FedEx, kamfanin dakon kaya a Amurka, suka ɗauko DC-10 ɗinsu, samfurin da ya fara tashi tun 1970 (Nigeria Airways ma ta yi irinsa), aka yashe gaban kaf aka zuba allunan kwamfuta irin na MD-11, ƙaninsa da ya fito daga baya, aka raɗa masa suna MD-10. Riba biyu kenan, an sallami injiniya daga ɗakin, sannan matuƙi ɗaya zai iya tuƙa wannan yau gobe ya hau MD-11 da takardar ƙwarewa guda.

Na UPS ma, wani kamfanin dakon kayan, har dariya ya ba ni. Suna da Airbus A300 guda 52 lafiyarsu ƙalau, amma kwamfutar da ke riƙe bayanan hanya ta yi ƙanƙanta, ba ta iya ɗaukar filayen jiragen duka a lokaci guda sai an yi ta sauke wani a loda wani, kamar mai ƙaramar waya da sai ya goge hoto kafin ya ɗauki sabo. Sai suka haɗa kai da Airbus da Honeywell, masu ƙera na'urorin jirgi, aka canja kayan gaban gaba ɗaya.

Su kuwa matuƙa, kai, in ana zancen Boeing 757 sai ka ga dattijo ya washe baki. An ƙera 1,050 aka tsaya a 2004, kuma har yau kamfanin Delta na Amurka na tashi da su. Injinsa ya fi ƙarfin nauyinsa ne, ko titin filin gajere ne ko garin na kan tudu ga zafi, yana ɗagawa ba ya nishi, kuma kana jin jirgin a hannunka, ba irin Airbus A320 ba da kake motsa 'yar ƙaramar sandar tuƙi kwamfuta ta yanke abun da za a yi. Na yarda da su a nan. Inda ban yarda ba shi ne masu cewa wai agogo mai allura ya fi allo, haba dai. Mutum ya kwana yana tuƙi, ƙarfe huɗun asuba cikin hazo, allo ya nuna masa taswira da hadari da tsaunin da ke gabansa wuri ɗaya, ka ce ya koma haɗa lissafi a ka?

Kuma gaskiya ba soyayyar matuƙa ke hana a kai jirgi maƙabarta ba, akanta ne ke yanke hukunci. Jirgin dakon kaya awanni kaɗan yake yi, yawanci da dare, don haka man da tsohon inji ke sha bai kai kuɗin sayen sabon jirgi ciwo ba. Na fasinja da ke yini a sama lissafinsa daban ne, shi ya sa galibin wannan gyara a jiragen kaya ake ganinsa. Ga doka ma tana tura su, tun 1 ga Janairu 2020 Amurka ta wajabta na'urar ADS-B mai sanar da inda jirgi yake, ko ka saka ko a hana ka shiga yawancin sararinsu.

Sabon allo dai ba ya rage shan mai, ba ya hana ƙarfe gajiya ko tsatsa. MD-10 ɗin ma FedEx sun ajiye na ƙarshe a ƙarshen 2022.