Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Usur Ɗina

Jama'a assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda na sauka Chicago sanyi na neman kashe ni, to yau ku yi haƙuri zan ɗan kauce, don tun shekaranjiya maganar Kawu Maƙeri ke min yawo a ka, wai ƙarfe ba ya tsatsa sai an ajiye shi.

A can na fara jin sunan Amos Alonzo Stagg, wani dattijo da muke goge ɗakin motsa jiki tare shi ya ba ni labarinsa, ni lokacin ko ƙwallon nasu ban gane ba, a rungume ta a hannu ana karo kamar raguna. Shi Stagg ɗan mai gyaran takalmi ne, ya buga wa Jami'ar Yale, a 1889 sunansa ya fito cikin jerin gwanayen ƙasar na farko. Limamin coci ya so zama sai ya ga bakinsa ba na wa'azi ba ne, ya koma fili. Tun 1892 yake kocin Jami'ar Chicago har 1932, da ya cika 70 aka ce Baba a je a huta.

Ni ranar da masinja ya kawo min tawa takardar sallamar ina tsakiyar fili da usur a baki, saura kwana tara yarana su buga fainal, ko ofis ba a kira ni ba wallahi. Wanda ya sa hannun ni na koya masa ɗaure igiyar but. Zan zo kansa, ba yau ba.

Shi Stagg tattara kayansa ya yi sai Kalifoniya, College of the Pacific suka ɗauke shi, a 1943 yana da 81 aka zaɓe shi gwarzon kocin shekara, ya haura 90 yana bakin fili, ya rasu 1965 da shekara 102. Su kuwa 'yan Jami'ar Chicago da suka sallame shi, a 1939 suka rufe ƙwallon gaba ɗaya.

Ni fa na karɓi takarda na ce na gode na dawo gida. Da Kawu na raye da ya tofar da goronsa ya ce ai na faɗa maka, an ajiye ka ka yarda. Usur ɗin na nan a ƙusa bayan ƙofa, Hajiya ta so ba jikana Abba ya yi wasa da shi na hana.

Mako mai zuwa in sha Allahu mu koma kan sanyin Chicago da rigar da aka ara min.